Ku Tambayi Mama: Kirsimeti a Gidan Aro

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'ya'yana da ƙannena, na nan Sudan da na can gida. Daga Bur Sudan nake gaishe ku. Iskar teku ta fara sanyi da asuba, shekara ta zo gangara. Saƙonnin da suka iso wannan wata kusan duk zancen Kirsimeti ne. Na ɗauki uku. Na farkon kwana biyu na yi ina juya shi a rai kafin na iya ɗaukar alƙalami, shi ya sa ya cinye yawancin filin.

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa a cikin sunan Yesu. Mu mutanen Haj Yusuf ne a Hartum. Yaƙi ya kore mu zuwa Madani, daga can ya sake koro mu Gadarif. Maigidana ya rasu a hanya, ciwon suga ne, allurarsa ta ƙare. Yanzu ni da yara uku muna zaune a rumfa a gidan wata Hajiya Bahaushiya, ko sisi ba ta karɓa a hannunmu. Wannan ce Kirsimeti ta uku da za ta riske mu a gidan mutane. Yara suna tambayar sababbin kaya da shinkafa, ni kuwa ko waƙa aka ɗauko a sujada sai maƙogwarona ya toshe. In na ce bana babu Kirsimeti a ɗakina, na yi zunubi? In kuma na yi murna alhali mutane suna mutuwa da yunwa a Darfur, ba rashin kunya ba ne?
'Yarki, Gadarif

AMSA: 'Yata, sannu da rashi, sannu da ɗawainiya. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran nan.

Bari in fara sauke miki kaya ɗaya. Ba ki yi zunubi ba. Ki bi Sabon Alkawari daga Matiyu har Wahayin Yahaya, ba za ki ga inda aka umarce mu da bikin ranar haihuwar Yesu ba. Jibin Ubangiji ne ya ce mu riƙa yi domin tunawa da shi. Kirsimeti gado ne mai kyau daga iyayenmu na bangaskiya, amma ba farilla ba ce. Duk wanda ya ce miki Allah zai yi fushi don ba ki ɗora tukunya ba, ya aza miki nauyin da Allah bai aza ba.

Duk da haka ina so ki yi ta bana. Ki ji dalilina tukuna, in bai kwanta miki ba ki bar shi.

Ni ungozoma ce. Shekara 34 na yi ina karɓar haihuwa, tun ina budurwa a ƙasar Zazzau kafin aure ya kawo ni Sudan a 1986. Hanyar da kika bi ita na bi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 da harbi ya tashi muna Bahri. Muka gudu Madani muna cewa kwana nawa ne mu dawo. Saura mako guda Kirsimetin shekarar, Madani ta faɗi, muka sake ɗaure ƙunshi muka nufi Sinnar. Aka sauke mu a wata makarantar firamare, iyali bakwai ko takwas a aji ɗaya, an tura bencuna jikin bango.

A dare na uku naƙuda ta kama wata yarinya, cikin fari, ba za ta wuce shekara 18 ba. Musulma ce daga ƙauyukan Jazira, ba ta san ni ba, ban san ta ba. Babu wuta, babu safar hannu, babu almakashi. Mata suka miƙe suka ware lafayoyinsu suka yi mana labule. Wata 'yar budurwa ta haska mini da fitilar waya, hannunta na rawa. Sabuwar reza a wurin wani tsoho aka samo, na dafa ta a butar shayi. Zaren ɗaure cibiya daga gefen lafayar kakarta na zare, shi ma na dafa. Wajen asalatu jaririya ta faɗo, ta tsala kuka. Na goge ta, na naɗe ta da zanen da ya fi tsabta a kayana, sai na tsaya riƙe da ita ina waige-waige. Mabiyiya ba ta faɗo ba, dole in koma kan uwar, to ina zan ajiye 'yar? Siminti ya yi sanyi ƙalau, ga ƙafafun mutane ko'ina cikin duhu. Idona ya faɗa kan daron wanki. Na shimfiɗa mayafi a ciki, na kwantar da ita, na ɗora daron a kan benci.

Ina ɗago kai, Luka 2:7 ta faɗo mini kamar ban taɓa jin ta ba: Maryamu ta haifi ɗanta na fari, ta naɗe shi da zanen goyo, ta kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba su sami wuri a masauki ba. Fiye da shekara 50 ina jin ayar nan, na rera ta a ƙungiyar mawaƙa, na ɗinka wa yara kayan wasan kwaikwayo a kanta. Sai a daren nan na gane abin da ya sa aka zaɓi komi. Yana da gefe, jariri ba zai mirgino ba. Ba za a taka shi cikin duhu ba. Akwai ciyawa a ciki mai riƙe ɗumi. Dabara ce ta macen da ta duba hagu ta duba dama ba ta ga gado ba. Na durƙusa a kan simintin nan ina jiran mabiyiya, hawaye na zuba, matan suka ɗauka wani abu ne ya ɓaci. Lafiya lau uwa da 'ya suka tashi.

Mu ne muka yi wa labarin nan ado da fitilu masu launi da takardu masu ƙyalli. Luka bai yi masa ado ba. Kaisar Augustas yana zaune a Roma ya ba da dokar ƙidaya, sai ga mace da tsohon ciki a kan hanya daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100. Manya su yanke magana a inuwa, talaka ya sha rana, ni da ke ba sai an ba mu labarin wannan ba. Bayan kwana 40 da suka kai jaririn Haikali, Luka 2:24 ta ce hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabaru biyu. Ki duba Littafin Firistoci 12:8, za ki ga wannan sauƙi ne da Shari'a ta yi wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan da Ɗan Allah ya zaɓa ya shigo duniya ta cikinsa ke nan: ranar fitar jego ba su iya sayen rago ba.

Sannan ki juya Matiyu sura 2, ƙarshenta, wurin da ba a cika karantawa ranar biki ba. Mala'ika ya ta da Yusufu daga barci, ya ce tashi ka ɗauki yaron da uwarsa ka gudu Masar. Da dare suka fita. Kin san fitar dare, kin san abin da ake ɗauka da abin da ake bari. A bayansu Hirudus ya sa aka karkashe 'ya'ya maza na Baitalami daga mai shekara biyu zuwa ƙasa. Matiyu ya ɗauko maganar annabi Irmiya, ya ce an ji murya a Rama, Rahila tana kukan 'ya'yanta, ta ƙi rarrashi domin ba su. Ta ƙi rarrashi, 'yata, kuma ba a tsawata mata ba, ba a goge kukanta daga Littafi ba. Tsofaffin ikkilisiyu sun fahimci haka. A kalandarsu, kashegarin Kirsimeti ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jajjefe, ranar 28 ga Disamba kuma ta yaran Baitalami ce. Makoki yana zaune kafaɗa da kafaɗa da bikin tun fil azal.

Saboda haka in maƙogwaronki ya toshe a sujada, ki bar shi a toshe. Masu Zabura ta 137 a bakin kogunan Babila suka rataye garayunsu a itatuwa, suka ce ta yaya za su rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa, kuma wannan ƙin waƙar ya zama Zabura da muke karantawa har yau. Ki je ki zauna a benci, ki bar 'yan'uwa su rera a madadinki. Nima an rera a madadina shekara guda cur. Wata rana ke ce za ki rera wa wata.

Maganar Darfur kuwa, ba zan raina ta ba. Tun watan Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam kusa da Fashir, kuma mutum fiye da miliyan 10 ne yaƙin nan ya raba da gidajensu. Zuciyar da ta ji kunyar cin abinci a irin wannan hali zuciya ce mai rai. Amma ki karanta Nehemiya sura 8. Mutane ne da suka dawo daga bauta zuwa birnin da aka rushe, aka karanta musu Maganar Allah, suka fashe da kuka. Aka ce musu su je su ci, su sha, su aika wa waɗanda ba su da komi rabonsu, gama farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Ci da aikawa a numfashi ɗaya aka faɗe su. Abin kunya a wurina shi ne mutum ya rufe ƙofa ya ci shi kaɗai. Murnar da mala'ika ya yi wa makiyaya shela ba ta dogara ga cikar tukunya ba. Mutane ne masu kwanan daji, kuma abin da aka ba su alama shi ne jariri a komi. Sunansa Imanuwel, Allah tare da mu, kuma wannan "mu" ɗin ya haɗa da mace mai yara uku a rumfar aro a Gadarif.

Ga abin da zan yi da a ce ni ce ke. Ki zaunar da yaran ki faɗa musu gaskiya, bana babu sabon ɗinki. Yara suna iya ɗaukar gaskiya fiye da alkawarin da ba a cika ba. Ki wanke waɗanda suke da su, ki ari dutsen guga na gawayi, ki yi wa matan kitso. Gadarif garin riɗi ne, yanzu kuma kaka ce: gwangwani biyu na riɗi da ɗan sukari sun isa ki yi kantu. Ko adas ne a tukunya ko balila, ki dafa da niyyar biki. Da dare babban cikinsu ya karanta Luka 2, sannan ki ambaci babansu da sunansa, ki ba su labarin yadda yake yin Kirsimeti, waƙar da yake so, abin da yake shigowa da shi daga kasuwa. Za ku yi kuka, ba laifi.

Kwanon farko kuma na Hajiya ne. Abin da masu masauki a Baitalami ba su yi ba, ita ta yi. Yesu ya ce a Matiyu 25, na zo baƙo kuka sauke ni. Ni ba alƙaliyar kowa ba ce, amma na san mai wannan magana ba ya mantuwa. Ki gaishe mini da ita da kyau, ki ce wata tsohuwa Bazazzagiya a Bur Sudan tana sa mata albarka.

TAMBAYA: Mama, ina aiki a shagon wani Bakibɗe, wato Kirista ɗan ikkilisiyar Masar, a Kasala. Ya ce mini Kirsimeti ta gaskiya 7 ga Janairu ce, mu mun bi Turawa. Habashawa da mutanen Eritiriya da ke unguwarmu ma ranar suke yi. Shin mu ne muka ɓata ko su? Abin yana damuna.
Ɗanki, Kasala

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka, babu wanda ya ɓata. Matiyu da Luka ba su rubuta rana ko wata ba. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin ranar 25 ga Disamba daga Roma yake, na shekara ta 336. Kibɗawa suna bin tasu kalandar, ranarsu ita ce 29 ga watan Kiyahk, kuma a da can ita ce ke dacewa da 25 ga Disamba. Tsohon lissafin shekara yana da 'yar ƙari ta mintuna kaɗan, wadda ta taru a hankali ta zama kwanaki. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara kalanda, aka tsallake kwana 10. Ikkilisiyun Masar da Habasha ba su bi gyaran ba, yanzu tazarar ta kai kwana 13. Ka ƙirga daga 25 ga Disamba, za ka sauka a 7 ga Janairu. Rana ɗaya ce, lissafi ne ya rabu. Bulus kuwa ya riga ya kashe irin wannan gardama a Romawa 14: mai girmama wata rana, domin Ubangiji yake girmama ta.

Amma kada ka tsaya a kare kanka, ka buɗe ido ka koya. Maigidanka yana azumin kwana 43 kafin bikinsa, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Mu da muka tashi a ikkilisiyun arewacin Najeriya, sau da yawa shirinmu na Kirsimeti a wurin tela da mai shinkafa yake ƙarewa, wannan kuwa rashi ne a gare mu. Wanda ya jira da yunwa ya fi sanin daɗin zuwan baƙo. Don haka kada ka zauna gabansa da gasasshen naman agashe a kwanakin nan, ran 7 ga wata kuma ka sa rigarka mai kyau ka je ka yi masa barka.

Batun bin Turawa, akwai abin da ya kamata ku biyun ku tuna. Bishara ta daɗe a ƙasar nan. Mutumin da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 ma'ajin Kandaka ne, Kandaka kuwa sarautar matan Marawi ta dā ce, nan arewa da Shandi. Daga ƙarni na 6 masarautun Nuba suka karɓi bangaskiya, suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru, suna haɗe da kujerar Iskandariya ta su maigidanka. Kafin yaƙi na sha kai 'yan makarantar Lahadi gidan tarihi na ƙasa a Hartum, mu tsaya gaban zanen haihuwar Almasihu da aka ciro daga bangon babbar majami'ar Faras a shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya shafe garin. Maryamu tana kishingiɗe a kan gado kamar kowace mai jego, masanan gabas suna tahowa a kan dawakai. Zanen ya kai shekara 1000.

Kuma ka tuna, bayan rabuwar Kudu a 2011 an cire Kirsimeti daga ranakun hutu, sai a 2019 aka maido ta. A shekarun nan da mai 25 da mai 7 duk tare muka sha, yaranmu suna zuwa makaranta ranar biki. Ban ji wani ya tambayi ɗan'uwansa kalandar da yake bi ba a lokacin.

TAMBAYA: Mama, ni Musulmi ne, ɗan asalin Mai Wurno. Iyalina ce ke karanta filinki saboda shawarwarin goyon ciki. Muna da maƙwabta Kirista 'yan gudun hijira, mutanen kirki. Ina so in kyautata musu ranar bikinsu ba tare da na taɓa addinina ba. Me ya dace?
Ƙaninki, Sinnar

AMSA: Malam, na gode da wannan tambaya, Allah ya saka da alheri, a gaishe da uwargida. Abin da ya halatta gare ka a addini malamanka za ka tambaya, ba zan shiga gonarsu ba. Ba zan kuma ɓoye bambancinmu ba. Kuna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Mu kuwa mun gaskata jaririn nan Ɗan Allah ne, Allah da kansa ya zama mutum domin ceton mu. A nan muka rabu, kuma zumunci ba ya bukatar ɗayanmu ya yi ƙarya.

Abin da zan iya faɗa maka shi ne abin da ɗan gudun hijira yake ji ranar biki: yana jin kamar babu wanda ya san yau wata rana ce. Ka leƙa da safe ka ce an tashi lafiya, Allah ya maimaita mana, ya mai da ku gida lafiya. In suna neman wurin da za su taru su yi addu'a na sa'a ɗaya, ka ara musu tabarmi da inuwa. In sun aiko da kwano kada ya koma yadda ya zo. Ina yarinya a ƙasar Zazzau, akuyarmu ta Kirsimeti maƙwabcinmu Musulmi babana yake kira ya yanka, domin kowa a unguwa ya iya ci, da Babbar Sallah kuma cinya guda take shigowa gidanmu. Kai da kakanninka suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka baƙi a bakin Shuɗin Nilu, ba sai na koya maka darajar saukar baƙo ba.

Bara a nan Bur Sudan, inda ruwa sai an saya a wurin masu jaki, ranar 24 ga Disamba da yamma na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcina ne, Bahaushe mai gasa agashe a bakin titi, ya turo yaransa biyu da jarka huɗu. Suka ce Baba ya ce gobe za ki yi baƙi, kada ki rasa na wanke kwanuka. Da ruwan nan na dafa shayin mutum 19 da suka yi sujada a tsakar gidana, har na rage na wanke wa jikokina kai.